Rex Tillerson: Daga Rijiyar Mai Zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje

Rex Tillerson ɗan kasuwa ne Ba'amurke, kuma tsohon sakataren harkokin wajen ƙasarsa. Ya yi shekara 41 a kamfani guda, wato kamfanin mai na Exxon. Ya shiga yana ƙaramin injiniya, ya fita yana shugaban kamfanin baki ɗaya. Daga nan aka damƙa masa ma'aikatar harkokin wajen Amurka. A can wata 14 kacal ya yi aka sallame shi, kuma Abuja ce birni na ƙarshe da ya ziyarta a bakin aiki.

Sharhin yau zai bi rayuwar wannan mutum daki-daki, kuma akwai magana ɗaya da za a riƙa dawowa kanta. A kamfani, maganar Tillerson yankan wuƙa ce. A gwamnati kuwa, saƙon wani ya ɗauko. Shi kuwa mai ɗauke da saƙo, ƙarfinsa ba ya wuce yardar wanda ya aiko shi.

A fara da tushe. An haife shi ranar 23 ga Maris, 1952, a garin Wichita Falls na jihar Texas. Gidansu ba na masu kuɗi ba ne. Mahaifinsa ma'aikacin ƙungiyar 'yan sikawut ne, kuma iyalin sun zauna a ƙananan garuruwan Texas da Oklahoma. Yaron ya tashi cikin ƙungiyar, har ya kai matakinta mafi girma yana ɗan shekara 13. Yana saurayi ya yi aikin kwashe kwanuka, ya yi shara da goge-goge. Tarbiyyar sikawut ta zauna masa, ta bin ƙa'ida da cika alkawari. Bai taɓa rabuwa da ƙungiyar ba. Daga baya ma shi ya shugabance ta a duk faɗin Amurka, daga 2010 zuwa 2012.

Ya karanci injiniyancin gine-gine da hanyoyi a Jami'ar Texas da ke Austin. Ya gama a 1975. A shekarar Exxon ya ɗauke shi aiki, a sashen haƙo mai.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a kan kamfanin kansa, domin shi ya ƙera mutumin. Exxon tsatson Standard Oil ne, kamfanin attajiri John D. Rockefeller, wanda kotun ƙolin Amurka ta wargaza a 1911. Gida ne mai tsananin tsari da riƙe sirri. Ba a ɗauko masa shugaba daga waje. Mutum yakan shiga da ƙuruciya, ya hau mataki bayan mataki, har ya tsufa a ciki. Bayan jirgin ruwan kamfanin mai suna Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska a 1989, aka ƙara ɗaure ƙa'idoji tamau. Komai da takarda, komai da lissafi. Na sama ya ba da umarni, na ƙasa ya cika. A wannan makaranta Tillerson ya yi karatunsa na biyu.

To, yanzu sai fitarsa duniya. A 1995 aka ba shi reshen kamfanin na ƙasar Yaman, lokacin mulkin Ali Abdullah Saleh. A 1998 aka mayar da shi kan harkokin kamfanin a Rasha. Wannan shi ne aikin da ya ɗaga shi. A gabashin Rasha akwai tsibirin Sakhalin, wuri mai ƙanƙara da girgizar ƙasa, amma ƙarƙashin tekunsa cike yake da mai da iskar gas. Haƙo shi aiki ne mai wuya. Daidaitawa da hukumomin Rasha ya fi haƙon wuya. Tillerson ya yi ta zama da su har aikin ya tsayu da ƙafarsa. A nan ya san Vladimir Putin. A nan kuma ya san Igor Sechin, na hannun daman Putin, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin mai na gwamnati, Rosneft.

A 1999 Exxon da Mobil suka haɗe suka zama ExxonMobil. Ranar 1 ga Janairu, 2006, Tillerson ya gaji Lee Raymond a kujerar shugaba. Ya zo a kan gaɓa, domin farashin mai na ta hauhawa. A 2008 kamfanin ya ci ribar da ta haura dala biliyan 45, abin da babu kamfanin Amurka da ya taɓa samu a shekara guda kafin lokacin.

Masu sauraro, a lura da yadda ya riƙa mu'amala da shugabannin ƙasashe a wannan kujera. Misalai uku sun isa.

Na farko Venezuela. A 2007 Shugaba Hugo Chavez ya tilasta wa kamfanonin waje su sakar wa gwamnati mafi yawan hannun jarinsu. Wasu suka haƙura suka zauna. Tillerson ya ƙi. Ya tattara ya fice, ya kai ƙara gaban kotunan sasanci na duniya. Saƙonsa shi ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba a tayar da ita.

Sai Iraƙi. A 2011 Exxon ya ƙulla yarjejeniyar haƙar mai kai tsaye da gwamnatin yankin Kurdawa. Gwamnatin Bagadaza ta fusata. Ita ma ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta so ba, domin manufarta ita ce Iraƙi ta zauna ƙasa ɗaya da dokar mai ɗaya. Tillerson ya ci gaba da abinsa. Abin lura ne cewa mutumin da zai riƙe wannan ma'aikata nan gaba ya taɓa taka manufarta saboda ribar masu hannun jari.

Na uku kuma Rasha ce. A 2011, a birnin Sochi, a gaban Putin, Exxon da Rosneft suka amince su nemi mai tare a tekun Kara, can ƙuryar arewacin duniya. A 2013 Putin ya ba shi lambar yabo ta abota. Shekara guda bayan haka Rasha ta ƙwace yankin Crimea daga Ukraine, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi, aikin ya tsaya cak. Tillerson bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce takunkumi bai cika yin amfani ba.

A duk waɗannan, shi ne mai yanke magana. Idan ya ce e, kuɗi su fito. Idan ya ce a'a, injuna su tsaya. Shugabannin ƙasashe sun san haka, shi ya sa suke sauraronsa.

Yanzu a matso kusa da gida. ExxonMobil ya daɗe a Najeriya, inda reshensa na Mobil ya riƙa haƙar mai a tekun Akwa Ibom, yana lodi a tashar Qua Iboe. Amma labarin da ya fi ɗaukar hankali na Chadi ne. Kamfanin ya jagoranci haƙar mai a yankin Doba da ke kudancin ƙasar, aka ja bututu mai tsawon sama da kilomita 1,000 zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru. Mai ya fara gudu a 2003. Bankin Duniya ya sa hannu a aikin bisa sharaɗi. Sharaɗin shi ne, mafi yawan kuɗin man su tafi ga asibiti da makaranta da hanyoyi, a kuma ajiye wani kaso don 'yan baya. A ƙarshen 2005 Shugaba Idriss Deby ya sauya dokar. Ya ce 'yan tawaye na bakin ƙofa, yana buƙatar makamai. Rigimar ta faɗo daidai farkon shugabancin Tillerson. Aka yi ta ja-in-ja, har Bankin Duniya ya janye a 2008. Exxon bai janye ba. Mai ya ci gaba da gudu, talaucin ƙasar kuma ya ci gaba da zama. Kamfanin na iya cewa ya biya abin da yarjejeniya ta ce ya biya, kuma yadda gwamnati ta kashe kuɗin ba huruminsa ba ne. Wannan amsa ta wadatar a ɗakin taron kamfani. Ba ta wadatar da mutanen Doba ba.

Shugabancin nasa bai rasa tuntuɓe ba. Ya sayi kamfanin gas na XTO da tsada a 2010, sai farashin gas ya faɗi. Game da ɗumamar yanayi, ya amince a fili cewa matsalar gaskiya ce, har ya goyi bayan sanya haraji a kan hayaƙin masana'antu. Duk da haka ana ta zargin kamfanin da ɓoye abin da masanansa suka sani tun da daɗewa. Jihar New York ta kai ƙara cewa an yaudari masu hannun jari, amma kotu ta wanke kamfanin a wannan shari'a a 2019.

Jama'a masu sauraro, a nan labari ya juya. A ƙarshen 2016 Tillerson na shirin ritaya, domin a watan Maris mai zuwa zai cika shekara 65. Sai Donald Trump ya ci zaɓe. Robert Gates, tsohon sakataren tsaro, da Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin waje, suka ba da sunansa don kujerar sakataren harkokin waje. Kafin lokacin bai taɓa haɗuwa da Trump ba. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa bai nemi aikin ba, maiɗakinsa ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya karɓa. A majalisar dattawa aka tsare shi da tambayoyi kan Putin da lambar yabon nan. Ranar 1 ga Fabrairu, 2017, aka tabbatar da shi da ƙuri'a 56, 43 suka ƙi. An daɗe ba a ga wanda aka zaɓa wa wannan kujera ya sha irin wannan adawa ba.

Sakataren harkokin waje da abu biyu yake tsayawa. Yardar shugaban ƙasa a sama, goyon bayan ma'aikata a ƙasa. Tillerson ya rasa duka biyun. A fara da ma'aikatan.

Ya shiga ma'aikatar da idon mai gyaran kamfani. Ya ga ofisoshi sun yi yawa, takardu na daɗewa a hanya, na'urori sun tsufa. A wannan yana da gaskiya, kuma jami'an da kansu sun daɗe suna kokawa. Amma maganin da ya kawo ya fi ciwon zafi. Ya amince da shirin fadar White House na zaftare kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin ma'aikatar, shirin da 'yan majalisa na jam'iyyu biyu suka ƙi. Ya tsawaita dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata. Ya ɗauko masu ba kamfanoni shawara daga waje su sake wa ma'aikatar fasali. Ya kewaye kansa da mataimaka 'yan ƙalilan, har manyan jami'ai suka riƙa rasa hanyar ganinsa. Gogaggun jakadu, waɗanda suka yi shekaru suna koyon harsuna da halayen ƙasashe, suka riƙa ajiye aiki. A tafiyarsa ta farko zuwa gabashin Asiya, 'yar jarida ɗaya tak ya ɗauka a jirginsa. A Exxon, shiru dabara ce. A diflomasiyya, idan wakilin ƙasa ya yi shiru, wasu ne za su yi magana a madadinsa.

Kujeru da yawa kuma suka zauna babu kowa. Har ya bar aiki Amurka ba ta da cikakken jakada a Koriya ta Kudu, ko Saudiyya, ko Afirka ta Kudu. Babu kuma tabbataccen mataimakin sakatare mai kula da Afirka, sai mai riƙon ƙwarya. Adalci a nan shi ne a ce laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Fadar shugaban ƙasa ta riƙa watsi da mutanen da ya zaɓa. Ko wanda ya so ya zama mataimakinsa, Elliott Abrams, Trump ya ƙi shi saboda ya taɓa sukarsa.

Yanzu kuma sai tsakaninsa da mai gidan. Wannan ya fi muni.

A watan Yunin 2017 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, suka rufe mata iyakoki. Tillerson ya san Katar ciki da bai, domin Exxon na da babban jari a gas ɗinta. Ya fito ya nemi a sassauta. Ba a yi awa biyu ba Trump ya tsaya gaban 'yan jarida ya zargi Katar da ɗaukar nauyin ta'addanci. A watan ne kuma Trump ya sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, alhali Tillerson ya ba da shawarar a zauna. Kan yarjejeniyar nukiliyar Iran ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Batun Isra'ila da Falasɗinawa kuwa tun farko a hannun surukin shugaban yake, Jared Kushner.

Koriya ta Arewa ce ta fi fito da abin fili. A ƙarshen Satumba, yana birnin Beijing, Tillerson ya ce akwai hanyoyin tuntuɓa tsakanin Amurka da Koriya ta Arewa. Washegari Trump ya rubuta a Twitter cewa sakataren nasa ɓata lokacinsa kawai yake yi. Kwana kaɗan bayan haka tashar NBC ta ba da rahoton cewa Tillerson ya kira shugaban wawa a bayan idonsa. Da 'yan jarida suka tambaye shi, bai musanta da bakinsa ba. Ya ce ba zai shiga ƙananan maganganu ba.

Duk wanda ya san kasuwar kara ya san wannan. Idan mai saye ya gane cewa mai saniya ba zai tsaya kan farashin da dillali ya faɗa ba, ya daina ciniki da dillalin. Haka ƙasashe suka yi da Tillerson. Suna karɓarsa da girmamawa, sannan su jira su ga abin da Trump zai rubuta. A kamfani maganarsa yankan wuƙa ce. A nan kuwa saƙo ya ɗauko, kuma wanda ya aiko shi yana ƙaryata shi a bainar jama'a.

Ba za a ce bai taɓuka komai ba. Ya yi aiki tuƙuru wajen haɗa kan ƙasashe su matsa wa Koriya ta Arewa da takunkumi. A zamaninsa, cikin Oktoban 2017, Amurka ta ɗage takunkumin tattalin arziki da ta ƙaƙaba wa Sudan shekara 20. A watan Nuwamba ya je Myanmar, daga baya ya bayyana abin da sojoji ke yi wa Musulmin Rohingya a matsayin yunƙurin share wata ƙabila daga ƙasa.

Masu sauraro, ga kashi na ƙarshe na aikin nasa, kuma a nahiyar Afirka ya faru. A farkon Maris na 2018 ya taso ziyarar ƙasashe biyar: Habasha, Jibuti, Kenya, Chadi da Najeriya. Ya zo da kaya mai nauyi a ka. Wata biyu kafin nan an ruwaito Trump ya yi wa ƙasashen Afirka baƙar magana mai ƙazanta. Chadi na cikin fushi, domin a Satumban 2017 an sa 'yan ƙasar cikin waɗanda aka hana shiga Amurka, ga shi sojojinta na sahun gaba a yaƙi da Boko Haram. A Nijar kuma an kashe sojojin Amurka huɗu tare da na Nijar a Tongo Tongo cikin Oktoba. Kafin ya taso ya sanar da tallafin jinƙai na sama da dala miliyan 500, har da yankin tafkin Chadi. A Addis Ababa ya gana da Moussa Faki Mahamat, shugaban hukumar Tarayyar Afirka, ya gargaɗi ƙasashe kan bashin Chaina.

A ranar ne ya ce har yanzu da sauran tafiya kafin a zauna da Koriya ta Arewa. Sa'o'i kaɗan bayan haka aka sanar a Washington cewa Trump ya amince ya gana da shugaban ƙasar, Kim Jong Un. A Nairobi ya soke ayyukan yini guda, aka ce ba ya jin daɗi. A can ne kuma shugaban ma'aikatan fadar White House, John Kelly, ya kira shi cikin dare. Aka rage wa tafiyar kwana ɗaya. Ranar 12 ga Maris ya haɗa Chadi da Najeriya a yini guda. Ya ga Deby a Njamena, ya wuce Abuja wurin Shugaba Muhammadu Buhari. Mako uku ke nan da sace 'yan matan makarantar Dapchi su 110 a jihar Yobe. Tillerson ya yi alkawarin taimako. Buhari ya ce ya fi son sulhu a kan ƙarfin soja, don a samo yaran da rai. A jirgi, kan hanyar komawa, ya shaida wa 'yan jarida cewa gubar da aka sa wa wani tsohon ɗan leƙen asiri a Ingila daga Rasha ta fito.

Ya sauka Washington da asubahin 13 ga Maris. Da hantsi Trump ya rubuta a Twitter cewa Mike Pompeo, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, shi ne sabon sakatare. Wani babban jami'in ma'aikatar, Steve Goldstein, ya fitar da sanarwa cewa Tillerson bai yi magana da shugaban ba, kuma bai san dalili ba. A ranar aka kori Goldstein shi ma. Tillerson ya miƙa aiki ga mataimakinsa, John Sullivan, ya bar ofis a ƙarshen watan. Cikin Afrilu aka cire Chadi daga jerin hana shiga, Buhari kuma ya ziyarci fadar White House. Cikin Mayu Trump ya fice daga yarjejeniyar Iran.

Tillerson ya koma Texas, inda shi da maiɗakinsa ke kiwon dawaki. Bai cika fitowa ba. A Disamban 2018, a wata hira a Houston, ya ce Trump ba ya son karatu, kuma sau da yawa yakan nemi a yi abin da doka ta hana. Trump ya mayar masa da zagi a Twitter.

Masana da yawa a Amurka na sa shi cikin sakatarorin harkokin waje mafiya rauni a wannan zamani. Hukuncin yana da tushe, musamman kan yadda ya bar ma'aikatar ta zubar da ƙwararrunta. Wannan ɓarna da hannunsa ya yi ta. Rashin jituwa da Trump kuwa, da wuya a ce wani mai tsayawa kan ƙa'ida zai tsira daga irinsa.

Ayyukan da ya gina a kamfani su ma sun sauya hannu. Exxon ya rasa Sakhalin a 2022, bayan Rasha ta afka wa Ukraine. A shekarar ya sayar da kadarorinsa na Chadi, gwamnatin ƙasar ta mayar da su nata a 2023. A ƙarshen 2024 kamfanin Seplat ya kammala sayen rijiyoyin Mobil na bakin tekun Najeriya. Masu sauraro a Chadi da Kamaru da Najeriya, man da aka haƙa a shekarun nan ya tafi, an kuma biya gwamnatoci kasonsu. Inda kuɗin suka shiga, wannan tambaya ce da ku ke da haƙƙin yi wa shugabanninku.